Ranar da Na Wanke Jitar Baba

Tun kafin in fara aiki a gidan tsohon nan, abu ɗaya ne yake hana ni sakat: kada a gane ban iya karatu ba. A aji huɗu na firamare na tsaya, can garinmu a ƙasar Zazzau. Ina iya haɗa baƙaƙen Hausa a hankali, ina iya sa hannu a takarda, amma rubutun hannu na Turawa, wanda suke jan sa a haɗe kamar igiyar shanya, wannan kam ko kwana zan yi ina kallonsa ba zan fitar da kalma ɗaya ba. Maigidana gadi yake yi a wani babban sito a Laurel, muna zaune a Landover, kusa da Washington a nan Amurka, da 'yarmu mai shekara huɗu. Matan da muke haɗuwa da su wurin suna ko walima, wasu nas ne, wasu matan ma'aikatan gidan rediyo, Turanci a bakinsu kamar ruwa. Ni sai in zame kicin in kama wanke-wanke, don a can ba mai miƙo mini takarda ya ce in duba.

Wata Anti 'yar Filato da ke saman benenmu, nas ce, ita ta samo mini aikin. Ta ce wani tsohon Bature ne a cikin Washington, ciwon suga ya cinye masa ido, ana neman mai zama da shi daga safe zuwa la'asar, ta dafa masa abinci, ta gwada masa suga, ta gyara gida. Na ce mata Anti, in an ba ni takarda fa? Ta ce ƙanwata, ki bar wannan tsoron, hannu suke nema ba digiri ba.

'Yar tsohon ce ta ɗauke ni, mace doguwa mai sauri, kullum makullin mota a hannunta. Ta yarda in riƙa zuwa da yarinyata tunda ba ni da inda zan bar ta, da sharaɗin kada ta taɓa komai a ɗakin kiɗa. Takardu kuwa ta riƙa bari, tana manna su a jikin firji. Sai in ninke in sa a jaka in kawo wa maigida ya karanta mini, abin da takardar Litinin ta ce in yi shi ranar Talata. Don kada a lura da wannan jinkirin, na ɗaura ɗamarar tsafta. Na ce abin da na rasa a karatu zan cike shi da soso. Har gindin tukwane sai da na mayar da su kamar madubi, yadda uwata ta koya mini da toka.

Baba nake kiran tsohon. Ya tambayi ma'anarsa, na faɗa masa, ya ce ya karɓa. Gidansa na jan bulo ne, a wani layi mai manyan itatuwa, ba nisa da ofisoshin jakadanci. Mu hau jirgin ƙasa na Metro daga Landover, mu canja jirgi a tsakiyar gari, mu ƙarasa da bas. Ɗakin kiɗan nan faya-fayai ne tun daga ƙasa har rufi, sai jita uku rataye a bango. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a shagon sayar da faifai, yana kuma kaɗa jita da abokansa a ƙananan wuraren shaƙatawa. Ya ce bai taɓa yin suna ba, amma kunnensa ya fi na waɗanda suka yi.

Kullum bayan abincin rana sai ya ce in sa masa faifai. Shi da lissafi ya san wurinsu, kanta ta uku, ƙirga goma sha biyu daga hagu. Ni kuma da hoton bango nake gane su. Kiɗan rok yake kiransa. Da farko ji na yi kamar ana zubar da kwanuka daga saman bene. Ga shi a gidanmu mahaifina ko goge ya ji a rediyo sai ya kashe, ya ce goge kan bidi'a. Sai in sa faifan in koma bakin ƙofa ina istigfari a zuci.

Shi kuwa bai san ina yi ba, labari yake ba ni kamar mai koya wa jikarsa. Ya ce abin ya samo asali ne daga baƙaƙen fata na gonakin kudu, da jitar katako, wataƙila ma kakanninsu daga wajenku aka kwaso su. Da suka ƙaura manyan birane, hayaniyar gari ta danne muryar katako, sai aka sa wa jita lantarki. Daga nan samarin Turawa suka ɗauka, iyaye suna fasa faya-fayai, 'ya'ya suna sake saye. Sai wasu yara daga Ingila suka ƙetaro teku suka sayar wa Amurka abin da yake nata tun asali. Aka zo zamanin da mai jita zai yi minti goma shi kaɗai. Na baya suka gaji da wannan, suka gajarta waƙa suka cika ta da fushi. Da talabijin ta shigo kuma, in ji shi, sai gashin kai ya fi yatsu daraja. A nan yakan yi tsaki.

Abin da ya fi so shi ne wurin da mawaƙi yake yin shiru ya bar wa jita magana. Solo suke ce masa. In an kusa wurin sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ko cokali ne a hannuna dole in ajiye. Yana da guda goma a kansa da ya ce babu kamarsu, kuma duk mako sai jerin ya sauya. Ranar Laraba wani abokinsa yakan bugo waya su yi ta musu a kai, in ji Baba yana ce masa kai dama kurma ne tun kana saurayi, ba tsufa ba ne. Na ɗaya ne kawai bai taɓa motsawa ba.

Ban san ranar da na daina tsayawa a bakin ƙofa ba. Wannan na ɗayan, jitar takan fara ne ƙasa-ƙasa, kamar mai gyaran murya kafin ya kawo ƙara wurin babba. Sai ta hau, ta hau, ta kama sauti ɗaya ta riƙe har ka ce tsirkiyar za ta tsinke, ta girgiza shi kamar guɗa, sannan ta sake shi. Sai shiru kaɗan. Baba ya ce gudu kowa ya iya, a wurin tsayawa ake gane gwani. Yarinyata kuwa murfin tukunya take ɗaukowa tana bugawa da cokali, shi kuma yana kiranta mai gangarsa.

Wata Alhamis da bazara, lokacin da garin furen itatuwa yake mayar da motoci rawaya, 'yarsa ta kai shi asibitin ido. Gida ya rage daga ni sai yarinya, ita ma ta yi barci a kujera. Na ce yau ɗakin kiɗa zai san na zo. Na share, na goge kantoci, na sauke jitocin ɗaya bayan ɗaya. Ta tsakiya fara ce, amma ta dafe ta koma kamar haƙorin mai cin goro. A ƙasanta, wajen da cinya take taɓawa, ga wani zane da baƙin alƙalami mai kauri, a karkace, da wata doguwar jela. Ba a daɗe ba jikokinsa suka yi irin wannan zanen a bangon matakala, na goge, uwarsu ta yi ta yi mini godiya. Na ce yaran nan har nan suka iso.

Sabulu bai fitar ba. Na kawo ruwan wanke kwanuka, ko gezau. Sai na tuna 'yan ƙyallayen sifirit da nake goge wa Baba yatsa da su kafin in gwada suga. Na yage ɗaya na murza, baƙi ya fito a jiki. Na zauna a ƙasa na ɗora jitar a cinya, na yi ta yagewa ina murzawa, kusan awa guda. Da na gama wurin ya fi ko'ina fari. Na rataye ta, na ja da baya ina kallo, har da ɗan murmushina.

Ranar Litinin Baba ya tashi da nishaɗi. Bayan faifan nan na ɗaya ya ƙare, ya ce yau zai nuna mana abin da ba kowa yake nuna wa ba, in sauko masa da farar jita. Ya rungume ta, ya ce mutumin da muka gama ji yanzu ya taɓa zuwa wasa Baltimore, shi yana saurayi. Bayan an tashi Baba ya tsaya a ƙofar baya cikin sanyi, da jitar nan a hannu, har yatsunsa suka ƙage. Mutumin ya fito a gajiye, ya dube shi, ya tambaye shi ko yana kaɗawa ne ko ado yake da ita. Sannan ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa a jikinta. Baba ya ce mutumin ya daɗe da mutuwa, kuma tun daga ranar da aka yi rubutun shi bai bari ko ruwa ya taɓa wurin ba.

Ya lalubo gefen da babban yatsansa, ya juyo mana da shi.

"Kun gani?"

Yarinyata ta matsa kusa, ta leƙa, ta ce da Turanci, "Babu komai a nan, Baba."

Na mintsine ta a cinya. Na ce yarinya ce, ba ta san rubutu ba, ga shi nan ina gani.

"Har yanzu da baƙinsa?"

"Baƙi ƙirin, Baba."

Ya yi dariya, ya shafa wurin, ya ce in mayar a hankali. Wajen ratayewa har sai da jitar ta bugi bango. Garin gyaran gira na tsone ido, na kuma ɗora ƙarya a kai.

Mako uku ina ɗauke da abin nan. Ban gaya wa maigida ba, ban gaya wa Anti ba. Tuwo in na sa a baki kamar ƙasa. Har baƙin alƙalami na saya a shagon kusa da tashar bas, na shiga ɗakin Baba yana barcin rana, na cire murfin, na tsaya. Ko harafin farko ban sani ba. Awa guda na yi da sunan mutumin nan a kan cinyata, ban san da wane baƙi ya fara ba. Na mayar da murfin na jefa alƙalamin a jaka.

Ranar da abin ya fito, 'yarsa ce ta biyo da kayan cefane da rana, Baba ya ce ta miƙo masa farar jita. Ina kicin na ji shirun ya yi yawa. Da na leƙo tana tsaye da jitar a hannu, tana juya ta wajen hasken taga. Ta ce Baba, rubutun fa? Ya ce wane irin rubutun fa, yana nan inda yake. Ta ce babu shi.

Yarinyata tana zaune a kan darduma tana wasan asibiti. Ta saba ɗaukar ƙyallen sifirit ɗaya ta goge wa 'yartsanarta hannu, yadda take ganin ina yi wa Baba. Matar ta dubi ƙyallen, ta dubi jitar. Ta durƙusa a gabanta, murya a sanyaye, ta tambaye ta ko ta taɓa jitar Baba. Yarinyar kuwa ta taɓa jan tsirkiya sau ɗaya a ɓoye, na kuma yi mata faɗa a kai. Ta ɗago ta dube ni. Ni take jira in yi magana. Na sunkuyar da kai. Sai ta gyaɗa kai, ta fashe da kuka.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Na taka na je na kama hannunta na buge shi, na ce mata da Hausa, "Ban hana ki ba?"

Matar ce ta riƙe mini hannu. Ta ce a'a, kada in dake ta, yarinya ce, laifinsu ne da suka rataye abu inda yaro zai kai. Ita ta ɗauki 'yata tana lallashi, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Sai can Baba ya ɗago kai. Ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce amma kin ce mini yana nan. Na ce tsoro na ji kada a yi fushi da yarinyar. Ya jinjina kai, ya ce kowace uwa haka za ta yi. Wannan maganar ta fi mari zafi, kuma na karɓe ta.

Aka ce daga ranar kada in ƙara zuwa da ita. A jirgi muna komawa ta lafe a jikina, hannun da na buga yana cikin nawa. Wajen tsakiyar hanya ta tambaye ni ko Baba ya daina sonta. Na ce a'a. Ta ce ba ta tuna lokacin da ta goge ba. Na ce ta yi shiru mutane suna kallonmu.

Na riƙa barinta wurin Anti in tana hutu, in ba ta nan wurin wata maƙwabciya 'yar Gana. Anti ta ce mini yarinyar nan lafiya kuwa, ko ruwa za ta sha sai ta tambaya ko an yarda ta taɓa kofin. Na ce ƙiwa ce.

Baba kuma ya daina neman faifai. Ya ci abinci, ya zauna wajen taga, in gwada masa suga, shi ke nan. Abokinsa ya bugo ranar Laraba ya ce in ce yana barci. Sai da aka yi kwana takwas sannan wata rana ya ce in sa masa na ɗayan. Na sa. Bai ɗaga yatsa ba da wurin ya zo. Ni ce na tsaya da tsumma a hannu har jitar ta hau ta riƙe sautin nan nata ta sake. Da allurar faifan ta kai ƙarshe na je gabansa na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, yadda ake yi wa babba a gida. Na manta ba ya gani. Ya ji muryata daga ƙasa ya ce me kike yi a can, wani abu ya faɗi ne?

Na faɗa masa duka da guntun Turancina. Na ce ni ce, ba yarinya ba. Na ce na ɗauka zanen jikoki ne, don ban iya karanta rubutun hannu ba, takardun firji ma gida nake kaiwa a karanta mini. Na ce na bar 'yata ta ɗauki laifin don ina tsoron a kore ni.

Ina jin motar kwasar shara a waje tana ɗaga kwanduna. Sai ya ce, "Ya fita da sauƙi?"

"A'a, Baba. Kusan awa guda na yi."

Ya yi wata 'yar dariya, hawaye yana bin gefen hancinsa. Ya ce ai ya tuna, mutumin ya danna alƙalamin sosai. Ya ce in tashi daga ƙasa, gwiwata ba ta yi masa laifi ba. Sannan ya ce, "Ni na daɗe ba na ganinsa. Wadda kika yi wa laifi tana gida."

Ya ce dole ya gaya wa 'yarsa, don ba zai bari a ci gaba da ganin mai gangarsa da abin da ba ta yi ba. Na ce haka ne. Washegari 'yar tasa ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce maganar jita ta wuce. Amma wasu takardun firjin na magani ne, in an sauya masa awo a nan take rubutawa, ba za ta iya barin mahaifinta a hannun wadda sai gobe za ta san abin da aka rubuta yau ba. Ban ga laifinta ba. Na ƙarasa watan na bar aikin. Ranar ƙarshe Baba ya ce in kawo yarinyar su yi sallama. Na ce tana mura. Ba ta mura. Tsoro nake kada ya faɗa mata a gabana.

Na gaya wa maigida a ranar da na bar aikin, ya ce Allah ya kyauta, in gyara tsakanina da yarinya. Na ce ƙarama ce, za ta manta. Bayan shekara biyu Anti ta kawo mini labarin rasuwar Baba. Na shiga makarantar manya ta yamma, yanzu ina karanta takardar magani, ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Laurel.

Yarinyar ba ta manta ba. Shekararta goma sha huɗu yanzu, ta fi ni tsawo, ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci. In ƙawayenta sun zo takan ba su labarin tana dariya, wai ita ce ta goge sa hannun wani shahararren makaɗi tana shekara huɗu, ba a taɓa yin mai ɓarna kamarta ba. Su yi ta dariya, ni ina kicin ina ji. In muka shiga gidan mutane kuwa, har yau hannuwanta a baya take haɗe su, ba ta san tana yi ba. Sau uku ina zaunar da ita da niyyar in faɗa, sai in ɓuge da tambayarta makaranta.

Mu Hausawan yankin nan ba mu da yawa, na san wasu za su karanta su gane gidan. Ita ba ta karanta Hausa, sai dai in wani ya kai mata. Don Allah kada ku kai mata, kada ku gaya wa 'ya'yanku su gaya mata. Ku bar ni in faɗa mata da bakina.